Gudu Kaɗai Ba Ya Kai Yaro Yamai

  Sharhin wasanni na yau zai ɗan yi nisa kafin ya dawo gida, don haka mai shayi ya ƙara gawayi.

A ƙasashen sanyi akwai wasan da ake kira ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Filin ƙanƙara ne mai santsi, a babbar gasar Amurka da Kanada tsawonsa mita 61, faɗinsa mita 26, an kewaye shi da katanga da gilashi. Kowane ɗan wasa yana sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a tafinsa, yana riƙe da sanda mai lanƙwasa. Abin da suke bugawa ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, nauyinsa bai wuce giram 170 ba. Mutum shida-shida ake shiga: mai tsaron gida, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe. Na gefen nan su ne lamba bakwai da lamba sha ɗaya a ƙwallonmu. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya daɗewa a fili, daƙiƙa 45 ko kusa da haka sai ya tsallake katanga ya zauna, wani ya faɗo, wasa na tafiya ba a tsaya ba.

Kada wani ya ce me ya haɗa mu da ƙanƙara, mu da ko ta sanyaya ruwa sai an saya. To, ɗan Najeriya na farko da ya buga babbar gasarsu ta NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975. Ya tashi a Kanada, ƙungiyar Buffalo ta zaɓe shi a 1994. Amma ba shi ya kawo mu ba. Abin da ya kawo mu shi ne yadda mutanen nan ke auna yaro, da irin haƙurin da suke yi da shi bayan sun auna.

A watan Fabarairun 2022, a gasar Olamfik ta lokacin sanyi a birnin Beijin, wani yaro ɗan ƙasar Sulobakiya mai suna Juraj Slafkovsky, yana da shekara 17, ya ci ƙwallo 7. Ya fi kowa ci a gasar, aka ba shi kambun gwarzon ɗan wasa, ƙasarsa kuma ta samu tagulla, lambarta ta farko a wannan wasa a Olamfik. Ɗan gefe ne, dogo, ƙaƙƙarfa, ya kai mita 1 da santimita 90. Bayan wata biyar ƙungiyar Montreal ta zaɓe shi na farko a cikin dukkan samarin duniya na wannan shekara. A tsarinsu ƙungiyoyi 32 ne ke zama sau ɗaya a shekara su zaɓi yara masu shekara 18 bi da bi, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su suka fi samun damar zaɓen farko. Saboda haka yaron da ya fi kowa yakan faɗa hannun ƙungiyar da ta fi kowa yunwa, garin da ya fi kowa gajen haƙuri.

Kakarsa ta farko ya buga wasa 39, ya ci ƙwallo 4 kacal, ya ji rauni a watan Janairu, kaka ta ƙare masa. Jaridu da 'yan kallo suka yi masa ca, ana cewa an yi zaɓen tumun dare. Mai horas da shi, Martin St. Louis, bai saurare su ba, kuma yana da dalili. Shi kansa ɗan gefe ne a zamaninsa, gajere, wanda babu ƙungiya ko ɗaya da ta zaɓe shi yana saurayi, aka ce ya yi ƙanƙanta, sai ga shi a 2004 ya zama gwarzon gasar baki ɗaya, ya ɗauki kofi da Tampa. Mutumin da aka taɓa yi wa kuskuren awo ba ya saurin yanke wa yaro hukunci. A kaka ta biyu ya sa Slafkovsky a sahun farko tare da manyan 'yan wasan ƙungiyar, ya bar shi a can ko da ƙwallo ta ƙi shiga. Ya ƙare da ƙwallo 20, ya kuma ba da 30 aka ci. A Yulin 2024 suka ba shi kwantiragin shekara 8 a kan dala miliyan 60 da dubu 800.

Akwai kishiyar labarin. A 2012 ƙungiyar Edmonton ta zaɓi Nail Yakupov ɗan Rasha na farko, shi ma ɗan gefe, mai gudu, mai harbi. Kakarsa ta farko ya ci 17, ya fi dukkan sabbin shiga. Cikin shekara 4 ya bi ta hannun masu horaswa 4, kowa da abin da yake so ya mai da shi. A 2018 ya tattara ya koma gida Rasha. Wanda ya fara da ƙwallo 4 ya tsaya, wanda ya fara da 17 ya watse.

Yanzu mu dawo gida, jihar Maradi. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan la'asar a filin bayan makaranta, a Gazawa ne ko a Caduwa ko a Saye Sabuwa, ya san yaron da nake nufi. Sandunan gola reshen dogon yaro ne guda biyu, an ɗaura igiya a sama. Layin gefe babu shi, ƙafafun 'yan kallo ne, in wasa ya yi zafi fili ya tsuke, in an kori mutane ya buɗe. Rairayi ya kai idon sawu a tsakiya, shi ya sa yaro mai wayo ke gudu zuwa gefe, inda ƙasa ta ɗan yi tauri saboda hanyar amalanke. Wani da takalmin roba, wani ƙafa ɗaya safa ɗaya tsirara, wani ya tsaya yana cire ƙarangiya daga diddige. Sai a ba shi ƙwallo. Ya tura ta gaba da bayan ƙafa, ya bi ta, ɗan baya ya miƙo ƙafa ya sami iska, na biyu ya zo ya yanke shi, ƙura ta tashi, yara suka ruga cikin fili suna ihu. Daga nan har a yi sallar magariba babu maganar da ake sai tasa: wallahi yaron nan Turai ce ta dace da shi.

Ni ma ina jin daɗin kallon wannan. Sai dai abin da ya tayar da mu tsaye shi ne abu mafi arha a jikin ɗan gefe. Yaro mai shekara 16 mai gudu akwai shi a kowane gari daga Tasawa har Madawa. Masu farautar 'yan wasa na ƙwallon ƙanƙara, waɗanda ke yini a mota cikin dusar ƙanƙara don su kalli yaro ɗaya, idonsu ba ya kan faifan. Yana kan yaron lokacin da faifan ba ya wurinsa. Mu gwada wannan a filinmu. In ƙwallo tana can ɗaya gefen, shin yaronmu yana tsaye ya riƙe ƙugu yana jiran a kawo masa, ko yana matsowa sandar nesa inda ƙwallo ke faɗowa babu mai tsaro? Kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa, ya waiga ya ga wanda ke bayansa, ko sai ta zo sannan ya fara tunani? In an ƙwace masa, yana juyowa ya bi, ko ya zauna a ƙasa yana ɗaga wa alƙalin wasa hannu? In an tare masa ƙafar dama, ta hagu tana da wani amfani ban da hawa babur? Bayan ya yanke mutum biyu, ya ɗaga kai ya ga abokinsa da ke tsaye shi kaɗai a gaban gola, ko sai ya nemi na uku don a yi masa ihu?

Tambaya ta ƙarshen nan laifinmu ne mu 'yan kallo. Mu muka koya wa yaranmu cewa yanka ya fi ci. Yaro ya kwantar da mutum ƙasa, a ɗaga shi sama a liƙa masa ɗari biyar a goshi, ko da ƙwallon ta fita waje. Wanda ya ba da ƙwallo mai sauƙi a kan lokaci, aka ci, ba mai tuna sunansa. A wasan ƙanƙara, a lissafin maki, wanda ya ba da aka ci daidai yake da wanda ya ci, har mutum biyu na ƙarshe da suka taɓa faifan ake rubuta wa. Yaro ya tashi ya san cewa bayarwa ma ana biyanta.

Akwai kuma abin da ba a gani a wasa ɗaya. Yadda yaro ke buga wasa na uku cikin mako guda, da ciki rabi. Yadda yake yi in an zage shi a garin da ba nasu ba. Yadda yake karɓar gyara daga wanda bai kai shi iya taɓa ƙwallo ba. Waɗannan sai wanda ya bi shi shekara biyu, uku, yana rubutawa. Yaron Kanada mai shekara 18 da ake zaɓa, akwai lissafin kowane wasa da ya buga tun yana 15: ranar, garin, abin da ya ci, abin da ya bayar, tsawonsa da nauyinsa a kowace shekara. Namu kuwa, in baƙo ya zo daga Yamai ya ce a ba shi labarin yaron, sai a ce, ai ka tsaya ka gani da idonka. Ya tsaya, ranar kuma yaron zazzaɓi yake yi, ko ya wuni yana ɗaukar buhunan aya a kasuwa. Shi ke nan, an gama da shi a minti 40.

Ba wai ƙasar nan ba ta fitar da 'yan ƙwallo ba ne. Musa Ma'azu ya tashi daga ƙungiyar sojoji ta ASFAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, a 2009 CSKA ta Mosko ta saye shi. Shi ya ci Masar a Yamai a Oktoban 2010, ci ɗaya mai ban haushi, lokacin Masar na riƙe da kofin Afirka, kuma wannan nasara na cikin abin da ya kai Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, gasar Afirka karo na farko a 2012. Gudu kam Allah ya ba shi. Amma tsallen daga Beljiyam zuwa Mosko ya zo da wuri, ya shiga yawon aro, yau Monako, gobe Bordo, bai zauna wuri ɗaya an gina shi ba. Ku dubi Ahmed Musa, ɗan Jos, wanda ya je wannan CSKA ɗin a 2012 ya zauna ya ci kofuna. Kafin ya bar gida sai da ya buga cikakkiyar kaka a Kano Pillars ya ci ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar Najeriya. Sannan ya je ƙaramar ƙungiya a Holan, VVV Venlo, inda zai buga kowane mako, sannan Mosko, sannan Leicester ta Ingila a 2016. Ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Ayislan a 2018. Bai tsallake mataki ba. Sadio Mane ma daga ƙauyen Bambali ya fito, can kudancin Senegal, amma tsakanin Bambali da Faransa akwai makarantar ƙwallo ta Génération Foot a Dakar da ta riƙe shi.

Tsakanin Gangara da Yamai me ke akwai? Akwai ƙungiyoyin birnin Maradi, irin su Ɗan Kasawa da Jan Gwarzo, akwai filin wasa na Maradi da aka gyara ya karɓi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Fabarairun 2019 tare da Yamai, wadda Mali ta ɗauka. Akwai tarihin yaranmu 'yan ƙasa da 17 da suka je gasar duniya a Indiya a 2017, suka ci Koriya ta Arewa, suka fito daga rukuni kafin Gana ta fitar da su. Duk wannan yana sama. Abin da babu shi ne matakan ƙasa, waɗanda yaron ƙauye zai taka ya iso inda ake ganinsa.

Abin mamaki, muna da irin wannan tsani a hannunmu, tun 1975 yake aiki, sai dai ba a ƙwallo ba. A kokowa yake. Ɗan kokowa yana farawa a dandalin garinsu bayan an yi girbi, da ganga da kirari. In ya kayar da na garinsu a kai shi garin gaba. In ya yi suna a kira shi zaɓen gunduma, daga nan zaɓen jiha a Maradi, a filin da ke ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975. A tace mutum 10, a killace su a yi musu horo, su je su gamu da na sauran jihohi 7, 'yan kokowa 80 a fili ɗaya, ƙasa duka na saurare a rediyo. Babu wanda ke tambayar ɗan kokowa wa ya sani a Yamai. Bayan abokin karawarsa ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba, shi ke nan. Ta wannan hanya jihar nan ta fitar da Kantu da Labo Maikafo da Umaru Ali Bindigau. Ta wannan hanya Isaka Isaka na Doso ya hau har ya ɗauki takobi na 6 a Agadas a Disamban 2023.

Kuma ku lura da yadda dattawan kokowa ke auna saurayi. Ba sa ruɗuwa da ƙirji. Za ka ji tsohon ɗan kokowa yana cewa yaron nan yana da ƙarfi amma ba shi da ƙafa, ko yana da kamu amma yana da gaggawa, a bar shi ya sha kaye biyu tukuna. Sun san ɗan shekara 19 da ya faɗi a zagayen farko bana yana iya kai wa kusa da takobi nan da shekara huɗu. Wannan ido, wannan haƙuri, shi ne na St. Louis. Muna da shi a gida, a bakin dandali, ba mu kai shi filin ƙwallo ba.

Me zai hana? Abu na farko lokaci ne. Gasar ƙwallon da aka fi yi a garuruwanmu ta babban hutun makaranta ce, wadda ke faɗowa tsakiyar damina. Wannan lissafin birni ne. A Agye da Gazawa, Yuli da Agusta yaro mai ƙarfi yana gona daga hantsi har azahar, ga noman farko ga maimai, uba ba zai sake shi ya tafi wani gari buga ƙwallo ba, kuma uban yana da gaskiya. Kokowa ta san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa take jiran hatsi ya shiga rumbu. Daga an ɗaure damma zuwa lokacin da samari ke ɗaukar jaka su tafi cin rani, Kano ko Legas ko Agadas ko wuraren haƙar zinariya, akwai 'yan watanni da kowa yana gida, ciki ya cika, iska ta yi sanyi, amalanke da babur na iya shiga ko'ina. Nan ne gurbin gasar ƙananan hukumomi, ta 'yan ƙasa da 15 da ta 'yan ƙasa da 17, kowace da ranarta, sannan zakarun su haɗu a hedikwatar gunduma. A yammacin Gidan Rumji, inda matsalar 'yan bindiga ta sa tafiyar yamma ta zama abin tunani, sai a buga da safe ko a tattara wasannin a manyan garuruwa. Kuma kada a manta da yaran da suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara tun 2019, waɗanda ke zaune a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Su ma suna da ƙafafu, kuma ba su da abin yi da yamma.

Abu na biyu takarda ce, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan ne yaranmu suka fi faɗuwa. Masu bincike a Kanada sun gano tun shekarun 1980 cewa manyan 'yan wasan ƙanƙara da yawa haihuwar Janairu da Fabarairu da Maris ne. Ba wani sirri ba ne a watannin. Ana raba yara rukuni-rukuni daga 1 ga Janairu, sai ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda alhali suna aji ɗaya. A shekara 10 wannan tazara babba ce. Sai a ɗauki babban a ce ya fi hazaƙa, a ba shi horo mai kyau, ƙaramin a bar shi. Su wata 11 ne ke ruɗa su. Mu kuwa a filinmu ɗan 14 da ɗan 20 ne ke karo a kan ƙwallo ɗaya. Ga shi kuma in ka duba takardun da alƙali ke bayarwa a madadin takardar haihuwa, sai ka rantse rabin gari ranar 1 ga Janairu aka haife su.

Wannan yana cutar da mu ta fuska biyu. Yaron da girma ya zo masa a makare, wanda ya sha fama da rashin abinci mai gina jiki yana ƙarami, kuma mun san ba su da kaɗan a jihar nan, ana ture shi a faɗi ya bar ƙwallo tun kafin jikinsa ya iso. Sau da yawa shi ne mai kai, domin wanda ba shi da ƙarfi dole ya koyi dubawa kafin ƙwallo ta zo. Manoman Ɗan Saga da suka yi suna a sassaben zamani sun san ba a tumɓuke kututture don tohonsa ya yi siriri bana, ana zaɓar reshe biyu ko uku a gyara a jira. A ɗaya fuskar kuma, babban da ya yi fice a cikin ƙanana sai wani ya raɗa masa ya rage shekaru. Tun 2009 hukumar FIFA ke amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma an sha sallamar yara daga sansani ana gobe tafiya. Wanda ya tsallake na'urar ma bai tsira ba: a takarda yana 19, ƙungiya na jiran ya ƙara girma, a jiki kuwa yana 24, ya riga ya kai iyakarsa.

Saboda haka iyaye, takardar haihuwa ta gaskiya, wadda aka yi a kan lokaci a gidan magajin gari ko a likitar da aka haihu, tana cikin kayan wasan yaro kamar takalminsa. In an wuce lokaci, in alƙalai sun fito zagayen ƙauyuka na ba da takardu, a kai yaro, a faɗi shekarar gaskiya. Kuma duk wanda ya zo muku da jaka da waya biyu ya ce zai kai ɗanku mai shekara 15 Turai in kun sayar da gona ko shanun huɗa, ku sani dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro daga ƙasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi da ba su shafi ɗan manomi a Gidan Sori ba. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya buga wa ƙungiyarsa ta Holan. Ƙungiyar gaske ita ke biyan kuɗin jirgi. Ba ta karɓar na uba.

Ga masu riƙe da ƙananan ƙungiyoyi, malaman makaranta da tsofaffin 'yan ƙwallo da ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsu, akwai wata doka da ta shafe ku kai tsaye. In aka sayar da ɗan wasa daga ƙungiyar wata ƙasa zuwa ta wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun farko huɗu, daga 12 zuwa 15, rabonsu a haɗe kashi 1 ne cikin 100 na kuɗin cinikin. Mu ƙaddara an sayar da yaro yuro miliyan 1, wanda a kasuwar Turai ba wani babban ciniki ba ne. Wannan kusan sefa miliyan 656 ke nan. Ƙungiyar da ta riƙe shi waɗannan shekaru huɗu tana da sama da sefa miliyan 6 da rabi, kuma duk lokacin da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa za ta sake samu. Amma sharaɗin shi ne ƙungiyar tana da rajista a hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, yaron kuma yana da lasisi da sunanta a waɗannan shekaru. In babu, ko kai ka koya masa ɗaure takalmi, ba ka cikin lissafi.

Kafin a kai ga lasisi ma akwai abin da ba ya bukatar izinin kowa. Littafi ne na 'yan makaranta mai shafi 200, da biro, da mutum ɗaya mai amana a kowace ƙungiya. Sunan yaro da na mahaifinsa, garinsu, ranar haihuwa kamar yadda take a takarda. Tsawonsa, a jingina shi da bango a auna sau biyu a shekara. Kowane wasa: da wa aka buga, a ina, minti nawa ya yi, ya ci nawa, ya bayar nawa, da layi ɗaya kan abin da ya yi lokacin da ƙwallo ba ta wurinsa. In wani ya zo daga Maradi ko Yamai, a miƙa masa littafin kafin a kai shi fili. Kuma a rubuta har da ƙaramin nan da ake turewa, wanda ba a sa shi sai saura minti goma.

Lokacinmu ya cika. Masu ƙungiyoyin da suka riga suka fara irin wannan rubutu, a Agye ne ko Gazawa ko Gidan Rumji, ku aiko mana da saƙo, muna so mu karanta sakamakon wasanninku a wannan fili da sunayen garuruwanku.